Yadda Muka Kai wa Baba Walta Labarinka

Zuwa ga Yaya Habibu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ka gaisuwar ƙane ga wansa, a inda Allah ya ajiye ka, da fatan an yalwata maka makwanci. Mu nan lafiya lau muke. New York tana nan yadda ka bar ta, sai dai lif ɗin gidanmu na Mount Hope ya sake lalacewa, kuma babu mai niyyar gyara shi.

Dalilin wannan takarda shi ne Baba Walta. Kowa ya ji rasuwarka, daga Kano har Bronx, ban da tsohon nan. Watanni ya yi yana jiran ka dawo gonarsa ku yi wasa, kuma sanar da shi a wuyana ya rataya, tunda ni kaɗai ne a cikinmu ya sani bayan kai. Na san ba kai za ka karanta ba, mutanenmu ne za su karanta, har da masu cewa na cika sanyin jiki. To, su karanta.

Ka tuna yadda muka san shi. Ragon layya muka je nema, wata shekara da ragunan cikin gari suka yi wuya, aka yi mana kwatancen wani Bature mai tumaki can arewa da birni, tafiyar da sai ka gaji da ganin bishiya kafin ka isa. Muna jira ya fito, ka hango wani kwandon ƙarfe a kan sanda a tsakiyar fili, sarƙoƙi na reto a samansa. Ka ce mini ka ga wayon Bature, har abin zuba wa tumaki harawa ya yi wa ado. Ka ɗebo ciyawa ka cika shi taf, wai kana taya shi aiki. Da ya fito ya gani, dariya ya yi har sai da ya dafa shinge.

Ashe wasa ne. Ya shiga rumfarsa ya fito da fayafayen roba, ya nuna mana: ka tsaya a nan, ka jefa faifai, inda ya faɗi ka bi shi ka sake jefawa, har ya shiga kwando. Kwanduna goma sha takwas ne a warwatse cikin gonar, wanda ya gama da jifa mafi ƙaranci shi ya ci. Jifanka na farko ya tafi kamar an aike shi, ya daki sarƙa ta yi ƙara. Shi ke nan, Yaya, ranar na rasa lahadina. Ragon ma sai da na tuna maka.

Filin nasa ne, shi ya kafa shi da hannunsa, kuma ba kowa yake bari ya shiga ba. Dokokinsa ba su da yawa. Ba a zuwa sai an buga masa waya. Ƙyauren da ka buɗe, ka rufe. Tunkiya in ta tsaya a hanyar jifa, ita ce da gaskiya, a jira ta wuce. Kai ka ƙara da naka: ba ka taɓa zuwa hannu rabbana ba, kullum da kilishi, shi kuma yana ci yana hawaye yana cewa bai ji yaji ba. Ya san lokacin azahar ya fi wasu 'yan masallacinmu. Da rana ta karkata zai miƙo mana tiyo mu yi alwala, ya kori tumaki daga gindin babbar bishiyar nan.

Ni dai direbanka ne a tafiyar. Gaskiya wasan bai taɓa shiga raina ba. Mutum ya yi sati yana tsaye a ɗakin gwajin jini, ranar hutunsa kuma ya je yana laluben roba cikin ƙaiƙayi? Fayafayen da na zuba a kududdufin kwando na bakwai sun isa a buɗe shago. Kai kuwa sai ka tsinki ciyawa ka sake ta, ka ga inda ta yi, ka ce, “Kar ka yi faɗa da iska, Nasiru, ka fara jin inda za ta.” Ni iskar ba ta taɓa gaya mini komai ba.

Kai ka gaya mini an saka masa batir a ƙirji saboda zuciyarsa. Kai ka ɗauke shi a mota ranar da ya yanke jiki ya faɗi kusa da kwando na tara, ka zauna da shi a asibitin ƙauyensu har aka sallame shi. Matarsa ta rasu, 'yarsa tana wata jiha mai nisa, daga shi sai tumaki. Ina so masu karatu su riƙe wannan kafin su yanke mini hukunci.

Da ƙanƙara ta gama narkewa ka ce za ka je gida ka ga Inna. Ka je, zazzaɓi ya kama ka, ba ka tashi ba. An yi zaman makoki a falonka, an cika har kan matattakala, 'yan Najeriya, 'yan Nijar, 'yan Zangon Ghana, har abokan aikinka na filin jirgi sun zo daga unguwar Jamaica. Aka watse. Bayan sati biyu wayata ta yi ƙara, na ga Baba Walta ne. Ya ce ciyawa ta fito, ya aske fili, ina dogon, wato kai?

Na yi abin da kowa zai yi a wurinmu. Ba a ɗauko mutuwa a jefa wa tsoho mai ciwon zuciya ta waya, yana zaune shi kaɗai. Lallaɓawa ake yi. Yau a ce ba shi da lafiya, gobe a ce jikin ya yi tsanani, sannan manya su je su zaunar da shi. Tsohon gida ma ba ya bari a kai ƙarshe, tun a magana ta biyu zai fara salati da kansa. Don haka na ce masa ka je gida, kuma ba ka jin daɗi.

Ya ce ina ne ke ciwo, ƙafa ko baya? Na ce jikin ne gaba ɗaya. Ya ce to, ashe akwai aiki a gabansa. Ban gane nufinsa ba, na yi masa sallama.

Da zafi ya shigo na shirya na tafi ni kaɗai, don in yi masa magana ta biyu ido da ido. Tun daga ƙyaure na ga sabon abu. A kowane wurin jifa ya kafa benci na katako, an goge shi sumul. Kwando na sha biyu, wanda yake can ƙolin tudu, wanda kake hawa kana haki kana zagin gwiwarka, ya tono shi ya sauko da shi ƙasa. Ya ce mara lafiya ba ya hawa tudu, amma zai iya jifa.

Na daure na ce, Baba Walta, jikin fa ya yi tsanani ƙwarai. Na faɗa a hankali, na sunkuyar da kai, na yi duk abin da ake yi. Ya gyaɗa kai, ya ja hannuna zuwa rumfa. Wata tsohuwar kujerar mota ce yake yi wa walda a kan amalanke, zai ɗaura ta a bayan ƙaramar taraktarsa, ya riƙa jan ka daga kwando zuwa kwando. Ya ce likitoci sun taɓa cire rai da matarsa, ta ƙara shekaru a duniya, don bai bar ta ta kwanta ba. Ya ce in gaya maka kar ka kuskura ka kwanta.

Na buga goma sha takwas ɗin da shi, ya cinye ni, na kamo hanya. Ya ba ni kwalbar zuma in aika maka.

Daga nan abin ya rikice mini. Duk lokacin da na ƙara wa ciwon nauyi, shi sai ya ƙara wa aikin. Ya kira ya ce ya sa wa kujerar laima. Ya kira ya ce ya cike ramukan hanya don kar amalanke ta jijjiga ka. Mutum mai batir a ƙirji yana haƙa da shebur cikin rana saboda maganata. In na faɗa masa, ina tsoron ya faɗi. In na yi shiru, aikin zai kayar da shi. Wallahi na fara jin haushinsa, na fara jin naka ma, da ka tafi ka bar ni da abokinka.

Sai na je shagon Alhaji Isufu a Grand Concourse, mutumin Maraɗin nan da kake sayen shadda a wurinsa. Ya saurare ni har na gama, ya ajiye almakashi, ya fara da Faransancinsu na Nijar, ya ce, “Bon. Kai da wa kuka yi wannan shawara? Ka ɗauko magana ka rataye ta wata da watanni! Wannan ba aikin yaro ba ne.” Shekarata arba'in da ɗoriya, Yaya. Ya ce zai nemo Malam Bashari, limamin nan ɗan Kumasi, tunda shi ya iya bakin da ake faɗin irin wannan. Aka sa lahadi.

Ganye ya fara ja ranar da muka tafi. Su biyun sun sha manyan riguna da huluna, Alhaji har da turare, ya riƙo dabino a leda. A mota suka tsara komai. Malam zai buɗe da nasiha, Alhaji ya faɗi maganar, ni in riƙe ruwa in tsaya kusa ko da zai sulale. Sharaɗi ɗaya Alhaji ya yi ta nanatawa: ba a faɗa wa mutum yana tsaye. Sai ya zauna.

Ka san Baba Walta. Yaushe ka taɓa ganin ya zauna?

Muna fitowa daga mota ya taho da sauri, ya ga manya biyu cikin ado, fuskarsa ta washe. Ya ce Habibu ne ya turo abokansa! Kafin Malam ya gama gaisuwa an danƙa masa faifai. Alhaji ya ce ko za mu ɗan shiga ciki mu zauna. Baba Walta ya ce a irin wannan rana? Ai zunubi ne. Ya wuce gaba yana karanta musu dokar ƙyaure da ta tunkiya. Alhaji ya dube ni, na dubi ƙasa. Ya ce a hankali, “To, mu bi shi. Akwai bencuna, in ji ka.”

Haka aka fara. Da ka ga Alhaji Isufu yana jifa, da ka yafe mini komai. Ya naɗe hannun riga a kafaɗa, ya ja baya, ya wurga, hannun rigar ya warware ya cafke faifan, ya faɗo a kan takalminsa. Na biyu ya tafi tsakiyar tumaki, suka watse. A kowane benci sai ya zauna ya daddaɓa gefensa, ya ce wa Baba Walta ya zo ya huta. Shi kuwa ya ce a'a, na Habibu ne, shi ƙafarsa ƙalau. Malam Bashari, da tumbinsa da komai, ashe yana da hannu. Ya ce suna yara da murfin gwangwani suke yi a Zango.

Abin kunya, wajen kwando na biyar wasan ya kama su. Na ji Alhaji yana cewa, “Bon, wannan ba a lissafa shi, iska ce, bari in sake.” Malam yana cewa ai babu sakewa, Alhaji, ka ji tsoron Allah. A kududdufi Alhaji ya zuba faifai biyu, ya tsaya yana yi wa ruwa faɗa. Sai da na matsa na ce masa, Alhaji, abin da ya kawo mu fa. Ya yi firgigit, ya gyara hula, ya ce, “Na sani. Jira nike ya zauna.”

A kwando na sha biyu ya ce mu tsaya, yana da abin da zai nuna mana. Ya tafi, sai ga shi ya dawo a kan tarakta yana jan amalanke, kujera ta sha sabon yadi, ga laima, ga wurin ajiye fayafaye a gefe. Ya ce yana so a gwada masa da mai nauyi, ya nuna Malam. Malam ya tattara riga ya hau. Aka zagaya da limaminmu sau ɗaya cikin fili yana riƙe da hula. Da suka dawo gabanmu, Alhaji ya taɓa ni da gwiwar hannu. Baba Walta yana kan kujerar tarakta. Ya zauna.

Na miƙa hannu na kashe injin. Malam ya fara daga inda yake, ƙarƙashin laimarka, da Turancinsa na Ghana mai daɗin ji. Ya ce dukanmu baƙi ne a duniya. Ya ce Allah yana ba da aro, yana karɓar abinsa. Bai kai ko'ina ba Baba Walta ya ɗaga masa hannu. Bai dube shi ba, ni ya duba. Ya ce, “Nasiru, faɗa mini.”

Na ce ka rasu.

Ya ce yaushe? Na ce tun kafin ya kira ni karon farko.

Bai faɗi ba, Yaya. Ruwan da na riƙo ma bai sha ba. Ya dubi bencin da ke kusa, ya dubi tudun da ya sauko da kwando daga kai, ya dawo da ido kaina. Fuskarsa ta yi ja. Ya ce, “Ka tsaya kana kallo ina walda.” Ya ce wa ya gaya mini shi ƙwai ne da za a riƙa tallabe shi? Ya ce ya binne mata, ya binne ƙane, babu wanda ya ɓoye masa. Ya sauka daga tarakta ya nufi rumfa, bai waiwayo ba.

Na yunƙura zan bi shi, Alhaji ya riƙe ni, ya ce a bar shi. Malam ya sauko daga amalanke da ƙyar. Lokacin sallah ya yi, babu mai miƙo tiyo, muka je muka kunna da kanmu. Muka yi sallah a gindin bishiya, Malam ya yi maka addu'a mai tsawo. Ni dai ina ta sauraren rumfa, ko zan ji faɗuwar wani abu.

Muna shafawa sai ga shi ya fito, ya wanke fuska. Alhaji ya miƙe ya kama hannunsa da hannu biyu, ya yi masa ta'aziyya sosai, irin wadda ake yi wa ɗan'uwa na jini. Sannan ya yi masa bayani da guntun Turancinsa, Malam yana cike masa. Ya ce yaron nan bai raina ka ba. A wurinmu ba a barin mutum ya ji irin wannan shi kaɗai, ko a tsaye, ko a bakin hanya. Ana zuwa da mutane, a zaunar da shi, a faɗa masa a fuska, a tsaya da shi har ya dawo hayyacinsa. Wanda ake ganin girmansa ake yi wa haka. Shi ya sa muka sa manyan riguna.

Baba Walta ya saurara har ƙarshe. Ya dubi Alhaji, ya dubi Malam, ya jinjina kai. Sai ya juyo gare ni ya ce, “To kai, su wa suka zo suka zaunar da kai?”

Babu wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya, don haka ban taɓa ba da amsarta ba. Bari in gaya maka yadda na gaya masa.

Ina cikin jirgin ƙasa na layin D ne da safe, za ni aiki, a tsaye, na riƙe ƙarfe. Jirgi ya tsaya a wata tasha, waya ta samu layi, na duba. A dandalin 'yan unguwarmu na gida wani yaro da ban ma san shi ba ya ɗora hotonka, wanda ka sa hular sallar bara, ya rubuta innalillahi a ƙasa. Mutane har sun fara jera addu'a. 'Yan gida suna can suna shawarar wanda zai kira ni, an riga su. Na mayar da wayar aljihu. Wata mata ta ce in matsa mata, na matsa. Na je aiki, na ɗebi jinin mutane har aka tashi. A zaman makoki ni ne mai raba ruwa da nuna wa baƙi wurin ajiye takalmi, kowa yana yaba dauriyata.

Da na gama, Alhaji ya ce innalillahi, ya kau da kai.

Baba Walta ya ce in zauna. Na ce ba komai, ai ya wuce. Ya ce in zauna, da muryar da yake korar tumaki. Na zauna a ƙasa, kan ciyawa. Ya yi wa su Alhaji alama, suka zo suka zauna, ɗaya a dama ɗaya a hagu, da shaddarsu da komai. Shi kuma ya durƙusa a gabana da ƙyar, gwiwarsa tana ƙara, ya dafa kafaɗuna da hannuwan nan nasa masu kaushi. Ya kira sunana yadda yake karya shi. Ya ce, “Nasiru, yayanka ya mutu. Mutumin kirki ne, kuma ba zai dawo ba.”

Yaya, ranar na ji. Na yi kukan da ban san ina da shi ba, da ƙarfi, kamar yaro, a tsakiyar gonar Bature, tumaki suna kallo. Babu wanda ya ce in yi haƙuri, babu wanda ya tashi. Ina kewarka, Yaya. Ina kewarka ƙwarai, kuma sai yanzu bakina ya iya faɗa.

Allah ya jiƙan ka, ya gafarta maka, ya haskaka kabarinka. Allah ya ba Inna dangana. Allah ya ƙara wa tsohon nan lafiya, ya saka masa da alheri, ya kyautata namu ƙarshen in ya zo.

Ƙanenka,
Nasiru